ƊANYEN NAMAN DAJI DA KAREN MANOMI

Da zarar an kai amfanin gona rumbu, ciyawa ta bushe, sai hankalin samari ya koma daji. Daga watan Disamba har zuwa faɗuwar ruwa, kusan kowane mako a kan ji gangar farauta ta fita daga wani ƙauye, mutane riƙe da kulake da bindigogin toka, karnuka suna gaba. In an dace aka kama zomo ko gada, nan take a kan farke ciki a jefa wa karnuka hanji da huhu, su yi ta wawaso. In an komo gida kuma a ƙara musu da kai da ƙasusuwa. Mafarauci ya kan ce hakkinsu ne, kuma gaskiyarsa, don kowa ya ci zomo ya ci gudu, gudun nan kuwa kare ya yi shi.

To, darasin wannan mako a kan wannan rabo na kare ya ke, watau yadda ya kamata a ba shi, da abin da ke biyo baya in an ba shi ɗanye. Maganar ta shafi ko wane manomi, ko da bai taɓa riƙe kulki ba. Dalili kuwa shi ne, kare ya kan wuni a daji yana cin nama, da dare ya kwana a tsakar gida kusa da turken tumaki, da safe yara su rungume shi. Watau shi ne kadarko tsakanin daji da gida. Duk cutar da ya haɗiye a can, nan zai zo ya sauke ta.

TSILA DA YADDA TA KE YAWO

Babbar ɓarnar ɗanyen kayan ciki ita ce tsila. Tsila tsutsa ce shimfiɗaɗɗiya mai gaɓa-gaɓa, tana zama cikin ƙaramin hanjin kare, ta kafa kanta jikin hanjin tana shan abincin da ya ci. Gaɓoɓinta na ƙarshe cike su ke da ƙwai. In sun nuna sai su tsinke su fito tare da kashin karen, wani lokaci har a gan su farare suna motsi. Gaɓa ɗaya ta babbar tsila tana ɗauke da dubban ƙwai, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Ruwan sama da ƙudaje da ƙafafun dabbobi su ke watsa su bisa ciyawa. A fili zafin rana ya kan kashe su da wuri, amma a inuwa da wuri mai laima, kamar fadama da bakin rijiya, su kan yi watanni da ransu.

Tunkiya ko akuya a gida, gada ko zomo a daji, sai ta haɗiye ƙwan tare da ciyawa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinta, ɗan tsutsar ya huda hanji ya bi jini, ya tafi ya zauna a hanta, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa, ko cikin tsoka. A can ba ya zama tsila. Sai ya zama 'yar jaka mai ruwa, da kan tsila a ciki, ya zauna yana jiran kare. Ran da kare ya haɗiye jakar nan ɗanya, kan ya kama hanjinsa, bayan kamar mako shida zuwa takwas karen ya fara zubar da ƙwai. Zagaye ya cika ke nan.

A lura da abu ɗaya. Irin wannan tsila ba ta da ƙofar shiga kare sai ɗanyen nama. Akwai wata dabam da ke zuwa ta hanyar ƙuma, amma ba ita ce maganar yau ba. Wanda ya toshe ƙofar ɗanyen nama ya yanke zagayen duka.

TSILA IRI UKU

Ta farko ita ce doguwa, wadda ta kan kai mita uku ko fiye a cikin kare. Mahauta sun san jakarta sarai, don su kan same ta tana reto jikin kitsen da ya lulluɓe hanjin akuya ko tunkiya, girmanta ya kan kai ƙwan kaza. A kan same ta kuma a cikin gada da barewa. Babbar dabba ba ta cika damuwa da ita ba, amma ɗan rago in ya haɗiye ƙwai da yawa gaba ɗaya, tsutsotsin su kan farfasa hantarsa har ya mutu. Zomo kuma yana da tasa, jakunkuna ƙanana kamar wake, cunkushe kusa da hanta. Wannan ta kan ramar da ɗan kwikwiyo, gashinsa ya tashi, ya riƙa jan gindi a ƙasa.

Ta biyu ita ce mai zuwa ƙwaƙwalwa. Makiyaya da yawa sun taɓa ganin tunkiya ta ware daga garke, ta karkata kai, ta shiga kewayawa wuri ɗaya kamar mai hajijiya, ko ta jingina goshi da bango, daga baya ta makance ta kwanta. Sau da yawa in an fasa kanta a kan tarad da jakar ruwa tana danne da ƙwaƙwalwa. Irin wannan tunkiya ba ta da magani a ƙauye sai wuƙa. Abin takaici shi ne, bayan an yanka ta sai a ce kan ba shi da kyau, a jefa wa kare. Jaka ɗaya kuwa tana da kawuna masu yawa a ciki, ko wanne zai zama tsila guda. Watau mai tunkiya da hannunsa ya shuka cutar da za ta kama sauran.

Ta uku ita ce ƙarama duka, kuma ita ce mafi sharri. Tsawonta bai wuce milimita 7 ba, ko ƙwayar shinkafa ta kusa fin ta. Kare ya kan ɗauki dubbai a cikinsa, yana ci yana gudu lafiya lau, ba mai sanin yana da kome. Jakarta tana zama a hanta da huhun tumaki, awaki, shanu, raƙuma, da namun daji irin su gadu da manyan barewa. Likitocin dabbobi sun sha samunta a mayankar Kano da Sakkwato da Maiduguri, musamman a huhun raƙuma. Wannan ita ce ke kama mutum.

Mutum ba ya ɗaukarta daga cin nama. Daga kare ya ke ɗauka. Ƙwan ya kan manne a gashin karen, da bakinsa, da ƙasar da ya ke kwanciya. Yaro ya shafa kare, ya sa hannu cikin tuwo. Kare ya lashi ƙwarya, a zuba fura a ciki ba a wanke ba. Ko kuwa ya yi kashi a lambu kusa da latas da yakuwa. Jakar tana girma a hankali, kamar santimita 1 zuwa 5 a shekara, saboda haka wanda ya haɗiye ƙwan yana yaro watakila sai ya yi aure sa'an nan ciki ya fara kumbura, ko ya kama tari da ciwon ƙirji. A lokacin nan ba mai tunawa da karen da ya mutu tuntuni. Maganinta sai asibiti, ko dai a yi aiki a cire, ko a sha magani wata da watanni. In kuwa ta fashe a ciki, tana iya kisa nan da nan.

ABIN DA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

Turkana, makiyaya ne a arewacin Kenya, ana lissafa su cikin mutanen da wannan cuta ta fi kamawa a duniya, domin karnukansu tare da su su ke kwana, kuma su ke cinye kayan cikin duk dabbar da aka yanka ko ta mutu. Ƙasar Niyu Zilan kuma, ƙasar tumaki ce, ita ma cutar ta daɗe tana wahal da ita. A 1959 aka kafa doka a can. Aka hana ba kare ɗanyen kayan ciki, aka sa manoma su kewaye wurin yanka yadda kare ba zai shiga ba, aka riƙa bin karnuka ana dubawa ana ba su magani. A 2002 aka ba da sanarwar cewa ba a sake ganin cutar a ƙasar ba. Shekara 43 ke nan ana abu ɗaya, kuma ginshiƙin aikin duka bai wuce abin da ko wane mai kare zai iya yi a gidansa ba.

Kusa da gida kuma akwai darasin Chadi. Kurkunu, wanda ya kama mutum fiye da 650,000 a Nijeriya a 1988, an tabbatad da ƙarewarsa a Nijeriya da Nijar a 2013. Amma daga 2012 sai aka fara ganinsa yana fita daga ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta na bakin Kogin Shari. A 2019 karnukan da aka ƙidaya sun kusa 2,000. Masu bincike sun fi zargin ɗanyen kayan cikin kifi da kwaɗi da karnukan ke ci. Da aka sa jama'a binne kayan cikin kifi da ɗaure karnuka, zuwa 2023 adadin ya sauko ƙasa da 500. Ga cuta mutum ya kusa gamawa da ita, ta sami maɓoya cikin abin da a ke jefa wa kare.

GADU

Gadu ya kan yi ɓarna a gonar rogo da gyaɗa, kuma da ya ke Musulmi ba sa cinsa, in an kashe shi sau da yawa karnuka a kan bar wa shi ɗungum. Ban da jakar tsila da a kan samu a hantarsa da huhunsa, gadu da sauran namun da ke cin mushe su kan ɗauki wata ƙaramar tsutsa mai naɗewa cikin tsoka, ido ba ya ganinta. Kare in ya ci, wani ya yi zawo da tsamin jiki, wani ba a ga kome ba, amma tsutsar ta zauna cikin namansa. A wuraren da a ke cin gadu ko kare, mutane su kan kamu, fuska ta kumbura, zazzaɓi da ciwon tsoka su kwantad da mutum makonni. Banda da shanya ba su isa kashe wannan tsutsa ba, haka kuma sanyin firji ba abin dogara ba ne ga irin ta daji. Dahuwa kaɗai ke gamawa da ita.

MUSHE

Dabbar da aka tarar a mace a daji, ko wadda ke tangaɗi har kare ya kama ta ba da wahala ba, ba ta zama abincin kare ko an dafa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Naman daji da ya zo hannu da sauƙi haka, lalle akwai dalili. Ga huɗu daga cikin dalilan.

Na ɗaya, ciwon saifa. Alamarsa ita ce dabba ta faɗi farat ɗaya, ciki ya kumbura da sauri, baƙin jini wanda ba ya daskarewa ya riƙa fita ta hanci da baki da dubura. Ƙwayoyin wannan ciwo in sun sha iska su kan yi wa kansu ɓawo, su zauna cikin ƙasa shekaru da dama. Kare ya fi saniya jure masa, amma shi ma maƙogwaronsa ya kan kumbura har ya mutu. Babbar ɓarnarsa ita ce jan nama da ƙasusuwa zuwa makiyaya da bakin ruwa. Ciwon bai ƙare ba, don a watan Yuli na 2023 Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta tabbatad da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja, bayan an gan shi a arewacin Gana a wannan shekara. Irin wannan gawa ba a feɗe ta. A kore karnuka, a gaya wa Malamin Dabbobi, a ƙone ta ƙurmus ko a binne cikin rami mai zurfin ƙafa shida.

Na biyu, haukan kare. Dila ko yanyawa da ta daina tsoron mutane, ta shigo kusa da gari da rana tsaka, abin zargi ce. Cutar tana cikin miyau da ƙwaƙwalwa da laka. Karen da ya yi kokawa da ita, ko ya fasa kanta, yana iya kamuwa, kuma alamar ba ta fitowa sai bayan makonni ko watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo ko wace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare.

Na uku, murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka fara tabbatad da ita a Nijeriya, a Jihar Kaduna, kuma ta sha dawowa tun daga sa'an nan. Agwagin ruwa da ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da rani suna cikin masu yawo da ita. A waɗansu ƙasashe an sami karnuka da kyanwoyi da suka mutu bayan sun ci tsuntsu mai ciwon. Dinya ko kirinjijiya da aka tsinta a mace, rami ya kamace ta. In kare ya jawo ta gida, kajin gidan su ne farkon shiga haɗari.

Na huɗu, guba. Gafiya ko kurege da ya ci maganin ɓera, ko tsuntsun da ya ci iri mai magani, gubar tana cikin tumbinsa da hantarsa. Wuta ba ta kashe guba.

DALMA DA DAFI

Harsashin dalma in ya daki ƙashi ya kan farfashe, ɓarɓashinsa ya watsu cikin naman da ke kewaye da raunin. Mafarauci ya kan yanke wannan wuri saboda ya dagargaje ya yi baƙi, ya miƙa wa kare. Watau wurin da ya fi ko ina dalma shi a ke ba shi, kuma kullum. Dalma ba ta fita daga jiki da sauri, taruwa ta ke yi. Kare ya fara amai da ciwon ciki, ya rame, daga baya ya riƙa faɗuwa yana shure-shure. Mutanen Zamfara sun ga aikin dalma a 2010, sa'ad da ƙurar duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Haka nan wurin da kibiya mai dafin ƙwanƙwani ta shiga, dafin nan zuciya ya ke kamawa. Sai a yanke faɗin tafin hannu kewaye da raunin, a binne. Tafasa ba ta raba nama da dalma.

ƘASHI

A nan akwai abin da ya kan rikita mutane. Nama dahuwa ke gyara shi, ƙashi kuwa dahuwa ke ɓata shi. Ƙashin da aka dafa ko aka gasa ya kan bushe ya yi ƙarfi, in kare ya tauna sai ya tsattsage kamar tsinke. Mafi muni su ne ƙasusuwan tsuntsaye, zabon daji da makwarwa, da haƙarƙarin zomo da ƙafafunsa. Tsinken ya kan kafe a maƙogwaro, ko ya huda hanji. Hanji kuwa in ya huje, kwana biyu ko uku sun isa.

Ɗanyen ƙashi ya fi taushi, amma na naman daji yana zuwa da nama da ɓargo da laka a jikinsa, tare da duk cututtukan da aka ambata. Ƙashin ƙafar babbar dabba kuma ya kan fasa babban haƙorin gefe, wanda kare ke yanka nama da shi. Karen da ya ci ƙashi da yawa, kashinsa ya kan fito fari, busasshe kamar alli, wani lokaci ya toshe shi sam, ya yi ta nishi ba abin da ke fita. Fatar beguwa da ta bushiya kuwa, ko kusa kada a bari ya taɓa, saboda ƙayoyin.

Duk da haka kare yana bukatar abin da ke cikin ƙashi, musamman kwikwiyo da karya mai shayarwa. Tsoka zalla ba ta da sinadarin gina ƙashi isasshe. Kwikwiyon da aka raina da nama kaɗai ya kan tashi da ƙafafu a lanƙwashe, su karye da ɗan tsalle. Hanya mai sauƙi ita ce a wanke ɓawon ƙwai, a shanya, a daka ya yi laushi, a barbaɗa kamar rabin ƙaramin cokali bisa rabin kilo na nama. Ko kuwa a ƙone ƙashi ya yi fari, a daka shi ya zama gari. Wanda ke son karensa ya sami abin gwigwiya, ya nemo ɗanyen ƙashi mai guringuntsi daga mayankar da Malamin Dabbobi ke dubawa, wanda ya fi bakin karen girma, ya tsaya a kansa, in an jima ya karɓe ya binne.

Alamun ƙashi ya kafe su ne dalalar miyau, da kai ƙafa baki, da yunƙurin amai, da ƙin abinci. A nan sai a yi hattara ƙwarai. Karen da ya kamu da hauka shi ma haka ya ke yi, baki a buɗe, miyau na zuba, kamar wanda ƙashi ya shaƙe. Mutane da dama sun kamu da ciwon ta wajen sa hannu a bakin kare suna neman ƙashin da babu. Kada a sa hannu. A ɗaure karen, a kira Malamin Dabbobi. Wanda kare ya ciza, ko miyau ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti ran nan, kada ya jira gobe.

YADDA ZA A YI

1. In an kama nama, a hana karnuka taɓa shi. Kayan ciki a ƙunsa su cikin ganye ko leda a kawo gida.

2. A duba hanta da huhu da kitsen hanji da kyau. Duk wanda aka ga jakar ruwa, ko ƙullutu, ko tabo fari a jikinsa, a jefa shi wuta ko a binne. Kada a fasa jakar.

3. Kai da ƙashin baya na ko wace dabba, ta daji ko ta gida, kada a ba kare su ɗanye.

4. Sauran a daddatsa ƙanana, kada yanka ya fi kaurin yatsa biyu, a zuba cikin tukunyar da aka ware don kare. A bari ya yi minti 30 yana tafasa, ana ƙidaya daga sa'ad da ruwa ya fara tafasa. In an yanka aka ga ja a tsakiya, bai yi ba.

5. Kada a sa albasa ko tafarnuwa, don suna ɓata jinin kare. Barkono da gishiri ma ba shi da bukatarsu.

6. In ya huce a zare ƙasusuwa duka da hannu. A haɗa naman da romon da tuwo ko ƙanzo, awo ɗaya na nama, awo biyu na tuwo. Hanta kuma kaɗan-kaɗan, kada ta zama abincin kullum.

7. Ramin binne kayan ciki ya kai ƙafa uku, nesa da rijiya, a ɗora dutse ko ƙaya a kai, don kare gwanin tono ne.

8. Nama ba ya jure zafin bazara. Abin da ya wuni a rana har ya fara wari, ƙwayoyin zawo sun cika shi. Wani karen zai ci ya ga kamar ba kome, amma ƙwayoyin suna fita cikin kashinsa a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe.

9. Wanda ya yi fiɗa ya wanke hannu da wuƙa da sabulu kafin ya taɓa abinci. A koya wa yara wanke hannu bayan wasa da kare. Kwanon kare dabam, na mutane dabam.

10. Ran suna da ran Babbar Salla dokar ɗaya ce. A ɗaure kare har a gama fiɗa a kwashe.

MAGANI DA ALLURA

Maganin tsila na kare shi ne firazikwantel, ana ba da miligiram 5 ga ko wane kilo na nauyin karen. Yawancin magungunan tsutsa da a ke ba tumaki ba su kashe ƙaramar tsilar nan, saboda haka sai a nemi shawarar Malamin Dabbobi a kan irin ƙwaya da yawanta. Karen da ke zuwa farauta a ba shi duk mako shida muddin ana fita daji, domin a kashe tsilar tun ba ta fara ƙwai ba. Maganin yana kashe tsila amma ba ya kashe ƙwan da ke cikinta. Don haka a ɗaure karen kwana biyu ko uku bayan ya sha, a kwashe kashinsa da shebur a ƙone ko a binne.

Allurar haukan kare kuwa a kan fara ta yana da wata uku, a maimaita ko wace shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, wadda ke aiki a can tun 1924, tana cikin masu yin ta. Ya kamata a yi wa karnukan farauta tun kafin a buga gangar farko.

GARDAMAR MAFARAUTA

Wani zai ce kare in bai ɗanɗana ɗanyen jini ba, ba zai yi zafin nama ba. Zafin kare daga irinsa ya ke, da horo, da ƙoshin lafiya. Abin da ya ke so shi ne lada nan take in ya yi kamu. Sai a dafa nama tun a gida, a yanka ƙanana a zuba cikin burgami, in ya kama a miƙa masa. Bayan fita kaɗan zai gane inda ladansa ya ke, har ya daina yaga abin da ya kama. Karen da tsila ke raba abinci da shi ba ya fin lafiyayye gudu.

Wani zai ce ai dila da kura ɗanye su ke ci, ba abin da ya same su. Su ma suna ɗauke da tsutsotsin nan. Bambancin shi ne, dila ba ta kwana a zaure, kura ba ta lasar akushin yara.

Wani kuma zai ce itace ya yi tsada. Sai ya gwada kuɗin itacen tafasa ɗaya da kuɗin tunkiya ɗaya mai ciki, balle kuɗin aiki a asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. In manomi ya tsare karensa, na maƙwabci yana cin ɗanye, makiyayarsu ɗaya ce, rijiyarsu ɗaya. Ya kamata Sarkin Baka da Mai Unguwa da mahautan gari su zauna kafin farauta ta gaba, su yanke shawara ɗaya: abin da za a ba kare a dafa, abin da ba za a dafa ba a binne. Wanda bai gane wani abu cikin bayanin nan ba ya tambayi Malamin Gona ko Malamin Dabbobi na yankinsa, aikinsu ke nan.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, za a yi bayani a kan kaska da ƙuma a jikin kare, da yadda su ke tsallakawa zuwa dabbobin turke.